Tayin Ɗan'asabe

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Na san ba a kai takarda inda kake. Amma kai ka saba mini da ba ka labarin duk inda na je, kuma ranar Asabar ɗin nan na je wani wuri.

Bari in fara gaya maka halin da ake ciki. Tun da ka rasu abinci ya ƙi shiga. Matan garin nan sun cika mini firij da tuwo da miya lokacin zaman makoki, duk na rabar. In na dafa na zuba, da na ɗaga kai na ga kujerarka sai in ture kwanon. Shayi nake sha, a tsaye. Zobena ya fara zamewa, likita ta ce in ban gyara ba kwantar da ni za ta yi. 'Yarka Ummi tana kira daga jami'a, ta tambaye ni da Turanci ko na ci, in amsa mata da Hausa cewa na ci. Ba ta yarda ba. Ta ce za ta ajiye karatun zangon nan ta dawo gida ta tsare ni, kuma ka san taurin kan da ta gado a wurinka.

Ka tuna rumfunan abincin nan da ke cikin babban kantin mutanen Asiya, nan kusa da mu a garin Gaithersburg na Amurka? Ranar da ka fara kai ni na ce maka ba da ni ba. Ni da aka raina a gidan da mace ba ta tauna ko gyaɗa a kasuwa, ka kawo ni inda ake zama a dogon teburi kafaɗa da kafaɗa da wanda ba a sani ba, kowa na zuƙar taliya da ƙarfi kamar ba gobe.

Ka ja ni zuwa rumfar wata Musulma 'yar Indonesiya, wadda ka laƙaba wa Hajiya tun ba ta je Makka ba. Ka sayi tsirensu mai romon gyaɗa da soyayyar shinkafa. Na toshe hanci saboda warin yajinsu na jatan lande, ka ce in ji tsoron Allah, wadda ta girma da daddawa ba ta da bakin magana. Na ci, na kuma sa ka ƙaro. Har ka bar duniya ba ka daina yi mini gori ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tayinka. Shekarun da ka yi a ƙasar nan ba su koya maka cewa a nan kowa da farantinsa ba. Duk wanda ya zauna kusa da mu sai ka tura masa kwano ka ce bismilla. Wasu su yi yaƙe, wasu su ja jakarsu su matsa. Ni in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kai ko a jikinka. Kakan ce, “Ni dai na fita haƙƙin ido.”

Sai ranar da tayin ya same ka da gaske. Wani dattijo ɗan Biyetnam, siriri, da hular sanyi, yana zaune shi kaɗai. Ka tura masa tsire. A gida an san amsar tayi: alhamdu lillahi, na ƙoshi, a ci lafiya. Shi bawan Allah ina ya san wannan? Ya sunkuyar da kai, ya sa hannu biyu ya ɗauki tsinke ɗaya, ya cinye, ya ƙara na biyu. Na ga yadda idonka ya bi tsinken nan na biyu, na danne dariya har cikina ya ƙulle. A mota ka ce, “Maman Ummi, yau na gamu da gamona.”

Asabar ta gaba muka tarar ya tare mana wuri. Ba mu iya faɗin sunansa ba, sai ka raɗa masa Ɗan'asabe, yana kuwa amsawa. Turancinsa bai cika cokali ba, amma kukan yi hira har shinkafa ta huce. Da hannu da hoto ya gaya mana matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya kai su nesa. Ya yi ta fama ya koya maka ci da tsinkayen nan biyu da mutanensu ke cin abinci da su, ka yi ta zubar da shinkafa a rigarka, daga ƙarshe shi ne ya koyi ci da hannu. Kai kuma sai ka ce, “Hannu da yawa maganin ƙazamar miya,” Hajiya tana harararka duk da ba ta jin Hausa.

Akwai abin da ni na lura da shi kafin kai. Da can a rumfar masu naman alade yake saye. Sau ɗaya ya yi mana tayi ka ba shi haƙuri, ka nuna masa dalili. Daga ranar bai sake zuwa can ba in Asabar ce. Ya koma layin Hajiya, domin ya sami abin da zai tura mana. Yakan karɓo ƙananan faranti biyu ya ajiye a gabansa, naka da nawa.

Da ka rasu an sanar a masallaci, an sanar a Zariya, an sanar a wurin aikinka. Ɗan'asabe kaɗai ba wanda ya gaya wa, domin ko lambarsa ba mu da ita. Abin ya tsaya mini a rai duk tsawon takaba. Mutumin da kuka haɗa hannu a kwano bai kamata ya zaci guje masa ka yi ba. Shi ya sa da na fita takaba na shirya na tafi. Ba don ci na je ba. Na yi niyyar in isar da saƙo a tsaye in juyo.

Yana nan a teburinmu, Baban Ummi, da tsire a gabansa da ƙananan faranti biyu. Daga baya Hajiya ta gaya mini haka yake yi duk Asabar tun da muka ɓace: ya sayi na mutum uku, ya jira, ya ƙunshe saura ya tafi da shi.

Ya miƙe da murna, ya leƙa bayana yana nemanka. Turancin da na yi ta haddacewa a mota ya gudu. Da Hausa na ce masa ka rasu, kuma ya gane. Ya cire hularsa, ya koma ya zauna. Sannan ya ɗauki faranti ɗaya ya kife shi a hankali. Ɗayan ya sa masa tsire, ya turo mini, ya dubi ƙashin hannuna, ya ce da harshensa da bai iya lanƙwasa ta ba, “Bisimila.”

Na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Sai na tuna wannan dattijo bai taɓa koyon cewa ana ƙin tayi ba. Rabin al'adar kawai ka koya masa. In na ƙi, zai ɗauka na yanke zumunci ne tunda ba ka nan. Na ja kujera na zauna.

Na ci, ina kuka ina ci, a tsakiyar kasuwa, ni 'yar gidanmu. Tsinke na farko da ƙyar ya wuce. Na biyu ni na miƙa hannu na ɗauka da kaina, kuma na tabbata da kana wurin da idonka ya bi shi. Hajiya ta zo ta yi mini ta'aziyya, ta ajiye shinkafa, ita ma na taɓa ta sosai. Na ɗauki hoton farantin na tura wa Ummi, na ce ta zauna ta yi karatunta. Ta ce sai ta ga na Asabar mai zuwa. Za ta gani, kuma ni zan saya.

Na yi kewarka, ba zan ɓoye ba. Kuma na janye duk zungurin da na yi maka a ƙarƙashin teburin nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka huta. Ya shirya mana Ummi, Ya saka wa Ɗan'asabe da mafificin alheri. Kamar yadda ba ka taɓa cin loma ido na kallonka ba tare da ka ce bismilla ba, Allah Ya sa inda ka sauka an tare ka da tayi.

Matarka,
Maman Ummi