Layar Mahaifin Jatau a Cikin Inji

Asabar, 2 ga watan Azumin Tsofaffi, 1347

Malam Rabi'u maƙwabcina shi ke rubuta min, ni ban san baƙi ba. Malam, sa sunana, Tambaya, ta nan Gusau. In abin nan ya halaka mu, a san na faɗa.

Jiya shanu huɗu sunka jawo motar Alhaji Yari, mai sayen auduga na Bungudu, har ƙofar gidana. Wai ta mutu bayan Tsafe, wajen Kucheri. Autana Jatau yac ce zai tashe ta, tunda shekara uku ya yi Zariya wurin masu gyaran ƙarfe. Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a. In ta tashi, gyaranta nashi ne har gaba, ya zauna gida. In ba ta tashi ba, a kira wani, shi kau ya rantse Zariya zai koma. Yayansa ma haka yat tafi haƙar kuza, shekara tara ko saƙo.

Ina tsoronta. Kuma dole in roƙi Allah ta tashi. Na gaji tun ba a fara ba.

Litinin, 4

Ya cire kan injin. Wani murfi ne na baƙin ƙarfe, sai da Jibo maƙeri yak kama mishi sannan sunka sauke. Ƙarƙashi ramu huɗu, baƙi ƙirin. Nac ce mi ke zama ciki? Yac ce, "Wuta, Iya." Yana dariya! Wuta, kuma shi zai zauna bayanta.

Ya ɗauke min faifan tankaɗe ya jera notinsa goma sha biyar a kai.

Talata, 5

Azumi, ciwon gwiwa, warin baƙin mai har cikin ruwan buɗe-baki. Wuni guda yana goge murfin da dutse. Shi ke nan, Malam.

Laraba, 6

Yau anka mayar da kan. Ya shimfiɗa wani jan ƙarfe siriri tsakani, sannan sunka aza. Jibo ya kama notin gefe zai ɗaure, Jatau yad daka mishi tsawa: "Daga tsakiya! Kaɗan nan, kaɗan can, a tsallaka, kamar mai jan fatar ganga. Ka fara daga gefe murfin ya karkace." Jibo yac ce, "Ji ɗan Zariya! Ina ƙera garma kana goyo."

Kafin su aza sun je sallar azahar, sun bar ramun rufe da tsumma. Ni kaɗai a gida.

A'a Malam, ba komai. Rufe takardar.

Alhamis, 7

Motar ta ƙi tashi. Ya murɗa ƙarfen gaba, ya yi rabin juyi ya cije. Ya sake, Jibo ya sake, har hannunsa ya sale. Alhaji Yari ya zo ya tsaya, bai ko zauna ba. "Gobe ce dai, Jatau." Yat tafi.

Ɗana ya zauna ƙasa yana duban hannuwansa. Yac ce, "Na auna komai, Iya. Ashe ban iya ba." Bai ci tuwo ba. Na ga ya ciro jakar fatarsa ta tafiya ya kaɗe.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Wannan Shafa'atu matar Jatau ke rubutawa, ta yi allo gidan ubanta. Ba na iya faɗa wa Malam.

Ni ce. Layar mahaifinsa ce, ta maganin ƙarfe, wadda yaƙi biyu ya shiga da ita ko ƙwarzane bai samu ba. Na ba Jatau sau uku, yac ce ba ya rataya kaya. Sai nac ce bari in sa ta inda wutar take. Na ɗaga tsumma na jefa cikin rami na uku, shi ya fi zurfi. Baƙar fata cikin baƙin rami, wa zai gani?

Ga ta ta aje alƙalami tana kallona. "Inna, ke za ki faɗa mishi ko ni?" Rubuta dai, 'yar nan.

Juma'a, 8

Shafa'atu ce kuma. Na faɗa mishi da hantsi, yana ɗaure jaka. Ya aje jakar. Da ya zage ni ma ya fi min sauƙi. Ya ɗauko sifana ya kwance notin duka, ni ina riƙe da faifai. Ga layar nan ta lotse kamar ƙuli-ƙulin da anka taka. Jibo ya yi dariya har ya riƙe ciki: "Wallahi ta gaske ce, ta hana ƙarfe motsi!"

Jan ƙarfen nan siriri ya dannu, babu wani a garin nan. Jibo ya kai maƙera ya gasa shi ya yi laushi. Jatau yac ce, "Iya, tunda kin shiga aikin, zauna. Miƙo min ɗaya-ɗaya." Na miƙa. Tsakiya, hagu, dama, a tsallaka. Sau uku yana zagayawa.

Ana fitowa masallaci motar ta yi tari, ta yi ruri. Na tsinci kaina bayan rumbu, ban san yadda nij je ba.

Layar tana wuyansa yanzu. Shi ya rataya da kansa.

Talata, 12

Malam Rabi'u ya dawo min. Su Jatau sun ɗauko auduga daga Rawayya sun komo lafiya. Tun daga bakin kasuwa na ji kukan motar na ɗora ruwa. Ba wai ina saurare ba ne, kunne ne.

Yau da safe Jatau yac ce a ƙara matse kan, wai haka ake yi in ya sha zafi. Ya shiga wanka, sai ga Jibo ya kama sifana ya nufi notin gefe. Ban san sanda na miƙe ba da gwiwar nan tawa. Nac ce, "Kai Jibo! Daga tsakiya!"

Kar ka rubuta wannan, Malam.

Ka riga ka rubuta? To bar shi.