Tafarnuwa a Abincin Kajin Rahma

New Bell, Duwala
4 ga Yuli

Zuwa ga maiɗakina Rahma,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin sauka Garwa lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ki lura da kyau, wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Wata bakwai na yi a ajin manya, yanzu ba mai riƙe mini alƙalami.

Bayan haka, kajinki arba'in da kika bar mini amana suna nan. Damina ta yi ƙarfi, mura ta kashe wa maƙwabcinmu Jibirin kaji tara. Likitan dabbobi na unguwar Nkololoun ya ce a riƙa zuba garin tafarnuwa kaɗan a abincinsu. Ni da na shekara ashirin ina sayar da tafarnuwa a kasuwar Dakar ta nan Duwala, ba ni za a koya wa awonta ba. Na daka ɗanya, ina zuba tasa guda kullum. Ki kwantar da hankalinki. Madam Raliya mai gato, kek ɗin nan na biki, tana karɓar ƙwanta kamar yadda kuka saba.

Mijinki,
Malam Mudi

New Bell, Duwala
26 ga Yuli

Zuwa ga maiɗakina Rahma,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji ta fara cin tuwo, alhamdu lillahi.

Ya wajaba in sanar da ke wani al'amari kafin ki ji shi a bakin mata. Madam Raliya ta yi gaton biki mai hawa uku da ƙwanmu. Da aka yanka, amarya ta tambaya ko da miya aka kwaɓa shi. Madam ta zo har gida, ta yi mini faɗa da Faransanci a gaban jama'a. Na fasa ƙwai guda na shinshina, ban ji komai ba. Na yi nazari, na gane cewa hancina ya daɗe da daina jin tafarnuwa.

Duk da haka ina so ki rubuta wannan a zuciyarki: kaji arba'in kika bari, arba'in ne yau, ba mai tari. A kan magani ban yi kuskure ba, a kan tasa na yi. Na koma cokali biyu.

Na kai wa Madam sabon ƙwai, ta ce daga yau sai wanda ya fito daga hannunki za ta karɓa, kuma zuwa ƙarshen Agusta kawai za ta jira.

Saboda haka idan Inna ta miƙe, ki hau mota ki taho. Na rubuta cewa don kaji ne. Sauran dalilin har yanzu ban iya rubuta shi ba.

Mijinki,
Malam Mudi