Ƙanwata Fanna: Matar Aure Ce Ko Mai Takaba?

Zuwa ga mai girma sabon Kumandan,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ina kuma taya ka murnar wannan kujera da Nasara ya tashi ya bar wa ɗan ƙasa. Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Mamman Lawali, ina zaune a Birni cikin Zinder, ina aikin komi, wato magatakarda, a wurin masu sayen gyaɗa. Na rubuta wannan takarda a fili inda kowa zai karanta, domin waɗanda na kai buro, wato ofishinku, a rufe tun zamanin wanda ka gada ban san inda suka kwana ba. Ban ce ɓoye su aka yi ba. Na ce dai ban ga amsa ba.

Maganar ta ƙanwata ce Fanna, wadda muke ciki ɗaya. Mijinta Isufu manomi ne a Guna. Damina biyu da suka wuce rigimar iyakar gona ta haɗa shi da maƙwabcinsa, Isufu ya sare shi da gatari, mutumin bai kai gida da rai ba. Ba wanke Isufu nake yi ba. Ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban alƙalin Nasara, ina zaune a bayan ɗakin na ji, aka yanke masa hukuncin kisa. Mamacin ya bar marayu, ban manta da su ba. Abin da ya biyo bayan hukuncin ne ya kawo ni, ga shi ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, yadda labarin ya iso mana. Bayan shari'a Fanna ta dawo gidana da 'ya'yanta biyu, ta riƙa kai wa mijinta fura gidan kaso. Rannan mai tsaron ƙofa ya ce ta koma da ƙwaryarta, an ɗauke shi. Ina aka kai shi, ya ce bai sani ba. Sai bayan an gama girbi wani gardi, dogarin buro, ya zo ƙofar gidana da ƙunshi a hamata, ya ce an aiko shi ya shaida mana an cika hukuncin kisa a kan Isufu. Na tambaye shi wace rana, ya ce ba a faɗa masa ba. Na nemi takarda, ya ce ba a ba shi ba. Na tambayi wanda ya aiko shi, ya ce buro, ya juya. Ranka ya daɗe, a wurin aikina ko buhun gyaɗa ɗaya ruwa ya ɓata, sai an rubuta rana an buga hatimi kafin a zubar.

Na biyu, rigar. Abin da ke cikin ƙunshin shi ne hularsa da rigarsa ta saƙi. Na ɗaga ta a rana, na duba gaba da baya. Ba huda, ba jini. Ba a kuma wanke ta ba, don dauɗar wuya tana nan. Na san abin da za a ce, wai ana tuɓe wa mutum tufarsa a sa masa ta kaso, kuma mai yiwuwa hakan ne. Sai dai Fanna ta ce a cikin wannan rigar take ganinsa duk zuwan da ta yi, har na ƙarshe.

Na uku, hanyar kisan. Na shiga buro ina tambaya, na fito da amsa uku. Tafinta ya ce a bayan bariki aka ɗaure shi a jikin itace, sojoji suka harbe shi. Wani komi da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare ya ja ni gefe, ya ce ba a yin wannan aiki a nan, a kamiyo, babbar motar kaya, aka tafi da shi yamma. Wani tsohon soja mai zaman bakin ƙofa ya yi mini dariya, ya ce Nasara ba sa ɓata harsashi a kan manomi, suna da wata na'ura mai wuƙa da ke faɗowa ta raba kai da jiki. Na karanta labarin wannan na'ura a lakwal, amma ban taɓa jin an kawo ta ƙasar nan ba. Da na koma wurin tafinta, sai ya rantse shi bai taɓa ce mini bariki ba. Ni mutum ne mai rubuta abin da ya wakana kowace rana, na duba, bariki na rubuta. Duk da haka na yi kwanaki ina tuhumar kunnena, ko ni ne na ji ba daidai ba. Amma ko an cire maganar tafinta, saura biyu, kuma ba su haɗu ba.

Na huɗu, ban sami wanda ya gani ba. Na zaga unguwar da ke jikin bariki, na zauna da masu tallan ƙosai da masu ɗebo ruwa, mutanen da ko akuya aka yanka a ciki suna da labari. Ba wanda ya ji. Na je wurin limamin da ake kira idan ɗan kaso ya rasu, ya ce shi ba a kira shi ba. Masu haƙa kabari suka ce su ma haka. Isufu mai laifi ne, amma Musulmi ne. In ya mutu, wa ya tuna masa kalmar shahada, wa ya wanke shi, wa ya sallace shi?

Na biyar shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa, don ban yarda da shi sosai ba. Wani direban kamiyo mai zuwa arewa ya gaya wa wani ɗan Guna cewa ya wuce 'yan kaso suna fasa dutse a bakin hanya, ya ga wani dogo mai ɗingishi da ƙafar hagu, ya kuma ce ya san fuskar daga kasuwar Guna. Isufu dogo ne, yana ɗingishi da hagu. Na nemi direban na same shi. Da ya ga alƙalami a aljihuna sai ya ce shi tuƙi yake yi, bai kalli kowa ba. Dogaye masu ɗingishi suna da yawa, na sani. Na so in ɓoye wa Fanna wannan magana, ashe ta riga ni ji a bakin rijiya.

Ranka ya daɗe, kakata ta ba mu labarin zamanin da hauni ke sare kai da takobi a fili, jama'a na kallo. Ta gani sau ɗaya tana yarinya, kuma har ta tsufa ba ta bi ta wurin ba, gara ta yi zagaye. Ba na kewar wannan zamani, ba na fatan 'ya'yana su ga irinsa. Amma ta ce duk munin abin, matar mutum takan kwana da sanin cewa mijinta ya mutu. Nasara sun ce tasu hanyar ta fi tsabta, sun shigar da ita bayan katanga. Abin da ya kai gidana daga wannan tsabta shi ne ƙunshin riga.

Ga inda abin ya tsaya. Na kai Fanna wurin alƙalinmu na gari don ta shiga takaba. Ya ce wata huɗu da kwana goma daga ranar mutuwa ake ƙirga su, ina ranar? Ya ce a kawo masa mutum biyu adalai da suka ga gawa, ko takardar hukuma mai hatimi. In babu, shi a wurinsa Isufu ɓatacce ne, matar ɓatacce kuwa shekara huɗu take jira kafin a yi maganar idda. Ban ga laifinsa ba, littafinsa ya bi. A buro an ce mata mijinta ya mutu, a wurin alƙali an ce tana da miji. 'Yan'uwan Isufu sun ƙi a taɓa gonar, suna cewa mai ita na nan da rai. Mata sun zo mata gaisuwar mutuwa, waɗansunsu kuma suka dawo suna yi mata barka da labarin direba. Ta daina lalle da kwalli tun zuwan gardi, amma in an tambaye ta ko takaba take yi, sai ta ce a tambayi Yaya, shi ya yi lakwal.

Na juya abin ta kowace fuska. Na ji ana cewa irin wannan hukunci sai an kai shi can sama an tabbatar, wani lokaci a mai da shi ɗaurin rai da rai. In haka aka yi, me ya sa aka aiko mana gardi? Ko kuwa ciwo ne ko duka ya kashe shi a kaso, aka ga ya fi sauƙi a ce hukunci ne? Ko wani Isufun aka kashe, aka kawo mana rigar namu? Ba ni da hujja a kan ko ɗaya, kuma ina tsoron ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Abin da na tabbata shi ne Nasara ya tafi, amma waɗanda suka ba ni amsoshin nan suna nan a kujerunsu, kuma su za ka fara tambaya. Shi ya sa nake roƙon ka duba da idonka.

Lokaci kuma ya ƙure mini. Fanna ta gaya mini ta gaji. Ta ce ranar da aka ga watan azumi za ta kwance kitsonta ta shiga takaba da kanta, ko da yardar alƙali ko babu, alhakin kuma yana wuyan wanda ya san gaskiya ya yi shiru. Na ce mata in mijinta na da rai fa? Ta ce to in kawo shi. Akwai wani mutumin kirki a unguwarmu da ya aiko mini a kan maganarta, yana so ya riƙe ta da yaran. In ta gama takabar nan ba ni da bakin hana shi. Ka ga ke nan ina iya ɗaura wa ƙanwata aure a kan aure da hannuna, ko kuma in tsare ta shekaru tana jiran wanda ƙasa ta riga ta ci.

Don haka ina roƙon abu uku. In an kashe Isufu, a ba mu takarda mai hatimi da ta faɗi ranar da wurin da yadda aka yi, a nuna mana kabarin mu je mu yi masa addu'a. In yana da rai, a faɗi kason da yake, a bar ni in je in gan shi, ba na neman a sake shi. Na uku, tunda yanzu ƙasar a hannunmu take, in har za a ci gaba da kashe mai laifi, kada a ƙara yin haka ba tare da an kira liman da wani daga danginsa ba, a kuma ba su gawarsu.

Ina roƙon amsa kafin watan ya tsaya.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka daga masu kawo maka rabin magana, ya ba ka ikon yin adalci. In ranarka ta zo bayan tsawon rai, Allah ya sa naka ne za su wanke ka, su san ranar, su san wurin.

Wassalam.

Mamman Lawali,
Birni, Zinder.