Sabarar Inna

Daren Talata, Tudun Wada

Yau ma a gindin mangwaro na wuni, inda sabis ke kamawa, ina tsinkar ganyen magani a wasan waya. Na kai kasuwar wasan, zinaren da aka ba ni ko takobi ba zai saya ba. Data kuma ta ƙare.

Da safe Inna ta ce, "Sani, ka samo mini sabara, cikin nan ya hana ni sakat." Na ce to, na manta.

Da magariba ta tambaya, na ce na duba ban samu ba. Ta ce, "Sannu, Allah ya yi maka albarka."

Ga shi ina jin nishinta ta bango. Sabara kuwa har bakin gonarmu ta fito.