Filastar Ɗakin Mama Ta Ƙi Zama

Kawu Sallau,

Don Allah ka taimake ni da shawara kafin ruwa ya sauka, domin a 'yan kwanakin nan ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Ina gaishe ka, ina gaida masu karanta wannan fili. Kada ka sa sunana. Sunayen da zan ambata ma na sauya su, ko da yake 'yan layinmu za su gane.

Iyayena mutanen kudancin Kaduna ne, amma ni a Kakuri aka haife ni. Masaƙa na yi wa aiki tun ina saurayi har aka sallame mu. Yanzu gadi nake yi a wani kamfani a Fatakwal, jaridarku ma a wurin masu sayar da albasa nake samunta, sai ta kwana biyu kafin ta iso. Ranar da sojoji suka miƙa mulki har rawa na taka a titi, ina cewa za a gyara masaƙu mu koma gida. To ga ni nan dai, ina buɗe wa motocin wasu ƙofa. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Gidanmu na Kakuri marigayi babana ne ya gina shi da tubalin ƙasa. Shi da mahaifin maƙwabcinmu Malam Isiyaku sashe ɗaya suke a masaƙa, filayensu kuma na jikin juna, sai suka ga babu dalilin ta da bango biyu inda ɗaya zai isa. Bango ɗaya muka haɗa da su. Ta gefenmu ɗakin mahaifiyata ne a jikinsa, ta gefensu kuma ɗakin Maimuna, matar Isiyaku, wadda muke kira Maman Mubarak.

Bara na ce bari in gyara gidan, tsohuwa ta daina cin tuwo ƙasa na zubo mata a miya. Na sauya kwano, na sa Istifanus, birkila ɗan cocinmu, ya ɓamɓare tsohon yaɓe ya yi filastar siminti ciki da waje, aka yi fenti ruwan omo. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ko'ina filasta ta zauna daram, ban da wannan bango ɗaya. Damina na yin nisa sai danshi ya fito a jikinsa, fenti ya soma saɓulewa, filasta ta kumbura. Wata safiya wani ɓangare mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗi daidai inda Mama ke ajiye takalmanta. Da ta riga ta sauko da ƙafa, da wani labarin nake ba ka.

Istifanus ya ce simintin ne ya yi kaɗan a kwaɓin. Na aika da kuɗi ta hannun direban babbar bas ɗin lagzari, ya sake yi a ƙarshen damina, wannan karon ya labta siminti, ya goge ta sumul kamar kwalba. Da na je Kirsimeti na shafa na ji daɗi. Makon jiya matata Ladi ta je wurin masu buga waya ta kira ni a wurin aiki, ta ce idan ta ƙwanƙwasa bangon amo yake yi kamar ganga, kuma ga tsaga ta taso daga sama ta kusa kai ƙasa.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, na san daga inda ruwan yake zuwa. Lokacin abin da ya faru a Kaduna shekara biyu da suka wuce, motar soja ce ta kwashe su Isiyaku da abin da suka iya runguma. Na ji an ce suna Tudun Wada. Bayan tafiyarsu wasu samari suka ciccire kwanon gidan. Da na je Kirsimeti na hau tsani na leƙa. Ɗakin Maman Mubarak sama yake kallo, ciyawa ta cika shi, har gwanda ta tsiro a tsakiya. Yaɓen gefensu duk ya wanke, kan bangon ya zaizaye kamar sabulun da aka manta a ruwa. Na sauko na mayar da tsanin.

A wannan rikicin ne ƙanena Jethro ya fita garejinsa a tsallaken gada bai dawo ba. Ko gawa ba mu samu ba. Na san ba Isiyaku ba ne, a ranar shi ma ta kansa yake yi. Mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, wanda matarsa ta riƙe Ladi a haihuwar fari. Ban taɓa jin ya faɗi mugun abu a kanmu ba, kuma ba zan ƙaga masa ba. Amma har yau bai aiko ko yaro ya yi wa tsohuwar da ta goya shi gaisuwa ba. Wannan abin na kasa mantawa da shi. Ladi takan ce mu ma ba mu aika mun tambayi inda suka kwana ba. Gaskiyarta, amma mu ne aka yi wa mutuwa.

Yanzu kowa da tasa shawarar. Istifanus ya ce a kafe ƙusoshi a bangon, a ɗaura ragar waya irin ta kejin kaji, a zuba wata hoda mai hana ruwa shiga a kwaɓin, ya rantse ba za ta sake faɗuwa ba. Wani dattijo da muke gadi tare ya ce siminti da ƙasa ba sa shiri, in koma yaɓen ƙasa da ramno kamar yadda babana ya yi. Sunday, yayan Ladi, ya ce in daina wahalar da kaina, in ta da sabon bangon bulo ta cikin ɗakin, in bar tsohon ya rushe wa masu shi. Ladi kuwa magana ɗaya take maimaitawa, in je in nemi Isiyaku.

In je in ce masa me? Kuma idan na ce zan haura in rufe masa ɗaki da kaina, ka san garinmu yanzu. Labari zai kai Tudun Wada cewa na fara cinye gidan mutane. A layinmu kuma za a ce yayan Jethro ne ke yi wa mutanen tsallake rufi. Akwai waɗanda suka sa ido kan filin, jira suke ya zama kango su saya a banza, ba za su so ganin kwano a kansa ba. Ni ina Fatakwal, Ladi ce za ta sha kallo a bakin famfo da ƙofar coci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, Mama ta ƙi barin ɗakin. Ta ce mijinta ne ya gina mata, a ciki ta haifi Jethro, ba inda za ta. Keken ɗinkin Maman Mubarak ma yana ƙarƙashin gadonta, tun ranar da Ladi ta jawo shi ta ɓoye, Mama ba ta yarda kowa ya taɓa. A da, ita da Maman Mubarak idan suna neman juna, bangon suke bugawa. Ladi ta ce ranar da take ƙwanƙwasa filastar da cokali don ta ji inda ta rabu, Mama na gyangyaɗi, sai ta farka ta amsa da sunan Maimuna. Tun da na ji wannan ban sake samun natsuwa ba.

An ba ni ɗan hutu lokacin Ista. A nan ruwa ya riga ya fara, duk sanda na ji shi a kan rufin ɗakin gadi sai in tuna bangon ɗakin Mama. Na san kai Musulmi ne, shi ya sa ma na rubuto maka, don nawa na riga na san abin da za su ce. Wace filasta zan yi wadda za ta riƙe, ba tare da na taka gidan kowa ba?

Naka,
Mai Gadi a Fatakwal

*

Mai Gadi,

Da farko ina yi maka ta'aziyyar Jethro. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zuciyar Mama.

Ni ba magini ba ne, don haka na kai tambayarka wurin waɗanda suka tsufa a sana'ar, kuma bakinsu ya zo ɗaya: babu filastar da za ta riƙe bangon ƙasa da ruwa ke shiga ta kansa da ta bayansa. Siminti mai yawa ma ƙara ɓata lamarin yake yi, domin yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi a inda ido ba ya gani. Ragar waya za ta hana filasta faɗowa na ɗan lokaci, amma ba za ta hana bangon ruɓewa a bayanta ba. Shawarar Sunday ba mugunta ba ce, sai dai ka tambayi Istifanus inda katakon rufinka ya zauna. Idan a kan tsohon bangon ne, ranar da ya zube da kwanonka zai tafi.

Abu na farko ba ya jiran Ista. Ka aika wa Ladi saƙo yau a fitar da Mama. Kada a ce mata ta bar ɗakin mijinta, a ce mata za a yi aiki ne ta dawo, kuma ku cika alkawarin. Idan ta turje, a nemo fastonku ko wata tsararta da take jin maganarta. A kwashe gadon da keken tare, ka ga ba ta bar komai nata a baya ba.

Sannan Istifanus ya ɓamɓare duk inda ke amon ganga, ya duba gindin bangon da wannan tsaga. Idan bangon ya karkata ko gindinsa ya ci, sai an sake gina shi, kada ka yarda a rufe maka da kwaɓi. Idan da sauran ƙarfinsa, a bar shi tsirara ya sha iska, a cike ramukan da ƙasa irin tasa. Bayan ya bushe sarai, abokin gadinka ya fi kusa da gaskiya: yaɓen ƙasa da ramno, a shafe da farar ƙasa. In kuwa ranka na kan siminti, to a sa ƙusa da raga, kwaɓin ya zama mai yawan yashi, a yi shi siriri. Amma duk wannan sai an rufe kan bangon an yaɓe bayansa, bayansa kuwa a gidan Isiyaku yake.

Kada ka haura ba da saninsa ba. Tsoron da kake ji yana da tushe. Ka fara zuwa wurin mai unguwarku ka nuna masa bangon, ya zama an san gyaran ɗakin uwarka kake yi. Wanda ya yi surutu bayan haka, Ladi ta gayyace shi ya kwana a jikin bangon ranar ruwa.

Kana da gaskiya da ka ji zafin rashin gaisuwa. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma bai sauke ba. Sai dai ba ka san abin da ya tarar a tsallake ba, ko labarin Jethro ya kai masa, ko kunya ce ta ɗaure shi, ko shi ma yana da wanda bai dawo ba. Ba na yi maka alkawarin zai tarbe ka da fara'a. Yana iya ba ka izini, yana iya zuwa da kansa, yana iya cewa ba ya son jin sunan Kakuri. Idan ya ƙi, ko ba a same shi ba, mai unguwa da shaidu daga ɓangarorin biyu su tsaya a kifa kwano a kan bangon, a yaɓe bayansa, a fito a ja ƙofa. Ba a ci gidan kowa ba.

Ka tambaya me za ka ce masa. Ba sai ka shirya jawabi ba. Ka nemi izinin Mama, ku goge keken nan, ku sa masa mai, kai da Ladi ku ɗauki shatar tasi ku kai wa Maman Mubarak kayanta da rana tsaka. Mutumin da ya shigo da amanar da ya riƙe shekara biyu ba a tambayarsa abin da ya kawo shi. In an zauna, ka faɗa masa bangon da iyayenku suka gina yana shirin faɗa wa Mama. Maganar Jethro kuma, in ta zo ka yi ta, kada ka haɗiye.

Idan ƙafarka ta yi nauyi a bakin gada, ka biyo ta ofishinmu. Ina da 'yan'uwa a Tudun Wada da za su nemo mana gidan, ni zan raka ku.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ruwan farko ya sami Mama a busasshen ɗaki.

Kawu Sallau