Ni Na Sa Aka Kashe Muryar Da Ke Yi Wa Jikata Karatu

Anti Lorraine, ki taimake ni. Na yi ɓarna da hannuna, na kuma rasa ta inda zan fara gyara.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare kafin na yi ritaya. Jikata Delaney, 'yar shekara goma sha huɗu, tana hannuna tun rasuwar mahaifiyarta. Yarinya ce mai kaifin basira, amma haruffa cuɗe mata suke yi a ido, layi ɗaya sai ta haɗa gumi. A gonarmu muke zaune, da nisa daga gari, shi ya sa ta intanet take karatu. A manhajar makarantar akwai wata murya da ke karanta mata darasi. Da ita ta fara cin jarrabawa, har takan ba ni labarin abin da ta koya muna wanke-wanke.

Ni kuwa, da taurin kai irin namu na tsofaffin malamai, na ce wannan ai lalaci ne. Na sa hannu a takarda aka kashe muryar, wai gobe za ta gode mini.

Wata uku ke nan. Ta faɗi darussa biyu, ta daina ba ni labari. Ranar wata Lahadi na ji tana gaya wa karenmu cewa ita daƙiƙiya ce, har kakarta ma ta sani. Anti, ɗakin wanki na shige na yi ta kuka. Yanzu ta ce barin makaranta za ta yi.

Na zauna na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri, shafi huɗu, da rubutuna mafi kyau, na tura ta ƙarƙashin ƙofarta. Yau kwana tara ba ta ce uffan ba. Ko dai na rasa ta ke nan?

Tsohuwar Malama, kusa da garin Moose Jaw

Malama, sannu. Ba mugunta kika yi ba, tsoro kika ji kada jikarki ta girma ba ta iya karatu ba, kuma tsoron yana da tushe. Amma wanda ya ji darasi da kunne ya fahimta, ai ya yi karatu. Ba a ƙwace wa mai ɗingishi sanda don ya koyi gudu.

Gobe da safe ki kira makaranta a maido da muryar, ki roƙa a ba Delaney damar sake darussan biyu. Ki kuma nemi malamin da ya ƙware kan irin matsalarta, ya riƙa horar da idon a hankali.

Sai batun wasiƙa. Shafi huɗu na rubutun hannu kika ba yarinyar da layi ɗaya ke sa ta gumi. Ina kyautata zaton ba ƙin yafe miki ta yi ba. Mai yiwuwa har yau ba ta san abin da ke ciki ba, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Ki ƙwanƙwasa ƙofarta, ki karɓi takardar, ki zauna a bakin gadonta ki karanta mata da bakinki. Allah ya daidaita tsakaninku.