Makullin Gidan Zariya

Jiratawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Sarjan Hamidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Tun jiya nake kiran wayarka, a kashe take. Shi ya sa na kai wannan takarda barikinku, suka ce za su aika maka duk inda kake.

Jiya na kawo zogale kasuwar Maraɗi, na biya ta unguwar Zariya in duba pampon da ka ce yana yoyo. Sai na tarar da kwaɗo a ƙofar gidana. Maƙwabcinka Malam Maman Lawali ne ya leƙo ya ce mani, "Ai soji ya tashi tun Lahadi, mota guda ta kwashe su." A bakin titi na ji wannan, gaban 'yan kabu-kabu, ni mai gidan.

Hayar shekara biyu muka rubuta, ka sa hannu na sa hannu. Wata biyar ka yi. Mutum uku na mayar saboda kai, kuma abin da na yi kafin in ba ka gidan nan ni kaɗai na san nauyinsa. Ko sallama ban isa ka yi mani ba? Wannan yaudara ce, Sarjan, kuma kaki bai mayar da ita wani abu daban ba.

Ina makullina?

Ka huta lafiya.
Abdulmutallib

Diffa, ranar Juma'a

Zuwa ga Malam Abdulmutallib,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya aikin gona?

Takardarka ta same ni bayan kwana takwas. Ka girme ni, don haka na karanta ta sau biyu kafin in ɗauki biro.

Ranar Alhamis aka miƙo mani takardar canjin wurin aiki, aka ce Litinin in kwana a Diffa. Babu wanda ya tambaye ni ko na shirya. Cikin kwana uku na kai matata Zainabu gidan iyayenta da cikin wata bakwai, ban san ranar da zan sake ganinta ba. Duk da haka ranar Asabar na zo Jiratawa, aka ce ka tafi biki, wayarka ba ta shiga. Inda nake yanzu ba kullum ake kunna waya ba.

Ka tuna ranar da za mu sa hannu na ce maka, "Malam, soji ba shi da zaman kansa, a rubuta cewa in an tashe ni zan tashi." Ka ce, "Sa hannu kawai, Sarjan, Allah ba zai kawo ba." To ya kawo.

Tun da ka kira ni mayaudari, bari in faɗa maka abin da ka ɓoye. Wata biyar matan unguwa ba su amsa gaisuwar Zainabu da sakin fuska, har ta riƙa kuka tana cewa me ta yi masu. Muna ɗaure kaya wata tsohuwa, Tsahara, ta shigo ta ce mata, "Ba ke ba ce, 'yar nan. Gidan Safiyatu kuke ciki." A nan muka ji cewa ƙanwarka ce, mijinta ya rasu, shekara tara tana ɗinki a wannan gida da 'ya'yanta, ka ba ta sati guda ta fita don ka samu ɗan haya mai albashi.

Ni umarni ne ya tashe ni. Ita wa ya tashe ta?

Da ban same ka ba, na wuce Tibiri na nemi inda take, na ba ta makullin. Can za ka same shi.

Ka gaida gida.
Sarjan Hamidu

Jiratawa, ranar Litinin

Zuwa ga Safiyatu,

Bayan gaisuwa, ya yara?

Ba ki ɗaukar wayata, don haka na ba Ilyasu direba wannan ya kawo maki.

Ashe sati uku makullin gidana yana hannunki kin yi shiru. Ina ta yawo tsakanin bariki da Zariya kamar mahaukaci, ke kina zaune kin sani. Wancan sojin ya karya alkawari, ya gudu, sannan ya rubuto yana koya mani yadda zan riƙe 'yan'uwana. Wa ya sa shi cikin zancen gidanmu? Ni na gina gidan nan da gumina, shekara tara ban ce maki komai ba. Da na buƙaci abina shi ne na zama azzalumi a bakin matan unguwa?

To, ya wuce. Gida babu kowa yanzu. In kina so ki koma, ki koma, ban hana ba. In ba ki so, ki ba Ilyasu makullin ya kawo mani yau.

Yayanki,
Abdulmutallib

Tibiri, ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ka. Yara lafiya lau, tun da yau ka tambaya.

Gidanka ne, ban taɓa musu ba. Amma ranar da muka fita keken ɗinkina ya faɗo daga amalanke ya karye, masu kawo mani ɗinki duk suna Zariya, mu biyar muna ɗaki guda a gidan surukata. Ba ka san ko ɗaya ba, don wata shida ba ka zo ba. Sojin da bai san ni ba, da tafiya a gabansa, rabin yini ya ishe shi ya gano ƙofata. Ya durƙusa ya ce in yafe masa, alhali bai yi mani komai ba.

Ilyasu zai dawo maka hannu banza. Ka zo da ƙafarka.

Ƙanwarka,
Safiyatu